Tambayi Malamin Gona: bitar bazara, dashen itatuwa da gonar da ta zama fako

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Saƙonnin wannan watan kusan duk akan abu ɗaya suke, wato bita da laccocin da ake ta tallatawa yanzu kafin ruwa ya sauka, wasu na lambu, wasu na dashen itatuwa, wasu na yaƙi da hamada. Na zaɓo waɗanda amsarsu zata amfani mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Na gama NCE ban samu aiki ba, toh sai naga talla a guruf ɗinmu na WhatsApp wai za'a yi bitar kwana 3 akan lambu da renon itatuwa a wani otal, kuɗin rijista naira 15,000 harda satifiket da abincin rana. Inaso in fara sana'ar saida dashe irin waɗanda ake jerawa a bakin titi. In biya ko in bari? Kuɗin ma rance zanyi wajen yayana.
Daga wani matashi, Rijiyar Zaki, Kano

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗana. Kafin ka taɓa kuɗin yayanka kira lambar da ke jikin tallan ka tambaye su abu ɗaya, a ina za'a cika leda da ƙasa? In suka ce komai a ɗakin taro za'a yi da majigi toh riƙe kuɗinka. Ba kushe lacca nake ba, tana da amfaninta, amma koyon renon dashe a majigi kamar koyon tuƙa tuwo ne a rediyo. Shi kuma satifiket ɗin, wallahi ba wanda zai tsaya a mota ya sayi mangwaro a wajenka ya ce sai ka nuna masa takarda.

Makarantar da nafi so ka shiga ita ce wajen su waɗannan dattawan da kace kana gani a bakin titi. Je ka gaida ɗaya daga cikinsu da ladabi, ka ce kana so ka riƙa taya shi ban ruwa da cika leda kyauta ya koya maka, wata biyu zuwa uku zaka sha mamakin abun da zaka ɗauka, harda abun da ba'a faɗa a bita, wato wane dashe ne ke tafiya, wane ne ke zama har ya tsufa a leda, da yadda ake ciniki da 'yan kwangila. Bayan haka ka leƙa ofishin KNARDA, hukumar aikin gona ta jihar Kano, ka nemi malamin gonar yankinku, sannan akwai cibiyar CDA a Jami'ar Bayero mai bincike akan noman yankuna masu ƙarancin ruwa, ka riƙa bibiyar sanarwarsu. In kuma karatun kake so ka yi da gaske, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta kusa da kai, ga kwalejin lambu ta tarayya a Dadin Kowa jihar Gombe, ga ta gandun daji a Afaka Kaduna.

Ko ma wace bita ka shiga, in dai ta kirki ce dole ta fara da lokaci. Yawancin itatuwa suna son wata 3 zuwa 4 a leda kafin a dasa, kaga kenan dashen da za'a saka a ƙasa a watan Yuli tun Maris ko Afrilu ake shuka shi, wanda ya fara a Yuni kasuwa ta riga ta wuce shi. Haɗin ƙasa kuma kowa da nasa, amma kashi 2 na ƙasa mai kyau, kashi 1 na yashi, kashi 1 na taki ruɓaɓɓe baya bada kunya. Na ce ruɓaɓɓe fa, ɗanyen kashin kaji ko na shanu ƙone jijiya yake kuma ya gayyato gara. Irin da ke da ɓawo mai tauri, gawo, bagaruwa, ɗorawa, kuka, in ka shuka shi haka kawai zaka yi ta jira kana zargin wanda ya saida maka, sai an tafasa ruwa an sauke an zuba irin a ciki ya kwana, ko a ɗan fasa gefen ɓawon da abun yanke farce. Dogon yaro kuwa akasin haka ne, irinsa baya ajiyuwa, 'yan makonni ya mutu, don haka sabo ake shukawa. Ka yi rumfar kara ko zana, ka riƙa ɗaga ledojin kana matsar da su duk bayan sati biyu don kar jijiya ta huda leda ta kama ƙasa, in kuma lokacin saidawa ya matso ka rage inuwa ka rage ruwa su saba da wahala.

Sannan kuɗin sana'ar nan a aure yake, auren mangwaro da lemo nake nufi, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashen, kar ka je ka ce Malam ya ce ka yi aure babu aiki. Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo sai ya haura 5 wani ma ya kai 8 kuma baka san me zai haifa ba. Wannan naira 15,000 in ka sayi wuƙa mai kaifi da leda da abun ban ruwa ka kaiwa wanda zai koya maka aure goro, tafi amfani nesa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni shugabar wata makarantar firamare ce, duk shekara ana kawo mana dashe wani lokaci har 200, a zo da manyan baƙi a yi jawabi a ɗauki hoto, amma kafin azahar ɗin rani babu ko guda 5 da suka rage. Bana an gayyace mu taron wayar da kai kuma nasan za'a sake kawowa. Me muke yi ba daidai ba?
Daga wata malama, Gumel, Jigawa

AMSA: Lafiya lau Malama, sannu da ƙoƙari. Ba a ranar dashe bishiya ke mutuwa ba, a ranin farko take mutuwa. Da damina awaki a ɗaure suke kuma ruwa na sauka, kowa na ganin komai kore shar, ana gama kaka a saki dabbobi, hunturu ya shigo da iskarsa, shikenan. Toh tun yanzu zaki shirya ranin baɗi.

In an kawo 200 ki karɓa ki yi godiya, ki dasa 20 ko 30 da kika san zaki iya yi wa keji, sauran ki rabawa iyayen yara su kai gida. Ramukan a haƙa su yanzu kafin ruwa, faɗi da zurfi wajen santimita 50, a haɗa ƙasar sama da taki a maida a bari ruwan farko ya jiƙa. Kar a dasa da ruwan farko, a bari damina ta zauna, wajenku dai Yuli ne, in kuma aka kawo a ƙarshen Satumba gara ki ajiye su a inuwa kina ba su ruwa akan a binne su a banza. Kuma dan Allah a cire ledar! Sau da yawa in ka tono mataccen dashe sai ka tarar da ledarsa a jiki, jijiya ta nannaɗe a ciki bata je ko'ina ba, saboda babban baƙo baya so ya ɓata babbar riga ya jefa ya rufe an tafa.

Keji ko na ƙaya ne ko na bulo da aka jera da ƙofofi, ya wuce inda akuya zata kai in ta miƙe akan ƙafa biyu. Ki ba kowane aji itatuwansa da sunan ajin a jiki, ruwan alwala da na wanke hannu ya isa, a huda ƙasan gorar roba a binne ta kusa da gindin a riƙa cikawa, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa amma kar ta taɓa jikin itacen saboda gara. Lokacin hutu mai gadi ya san akwai ɗan ihsani a kansa.

A Nijar tun 1975 suka haɗa ranar 'yancin kansu ta 3 ga Agusta da bikin dasa itace, a shekarar ne kuma aka fara layukan dogon yaro na kare iska a kwarin Majiya wajen Buza, kuma abun da ya tsayar da waɗannan layukan harda masu gadin da aka ɗauka suna korar dabbobi a shekarun farko. In kinje taron ki ɗaga hannu ki tambaya nawa ne suka rayu cikin na bara, kuma nawa aka ware na keji. Ki guji dasa itacen turare kusa da rijiya, dogon yaro kuma a nesanta shi da gini da sokawe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu bara ya bar mana gona, rabinta ta zama fako ko ciyawa bata fitowa, ruwa in ya zubo sai ya wuce har ya fara cin kwari ta gefe ɗaya. Na halarci wata lacca akan kwararowar hamada, sunyi bayani sosai amma ƙarshenta dai cewa akayi mu dasa itatuwa, mu kuma bamu da kuɗin dashe balle rijiya. Akwai abun da talaka zai iya yi da hannunsa?
Daga wani manomi, Mai'aduwa, Katsina

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya baku haƙuri. Akwai kuwa ƙanena, kuma kai da kake Mai'aduwa ai malamanka suna tsallaken iyaka. In hanya da lafiya ka bi ta Kongolam ka nufi wajen Matamaye ko Magarya ka buɗe ido ka kalli gonaki, gawo ne birjik manya da ƙanana, kuma mafi yawansu ba wanda ya dasa su, bari aka yi suka fito aka kula da su.

Abun ya yi ƙarfi ne daga Maraɗi. Wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aikin dashen itatuwa a can yana ta dasawa suna ta mutuwa, a 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sarewa duk shekara lokacin sassabe ba ciyawa bane, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, jijiyarsu tuni ta yi nisa a ƙasa. Sai aka fara roƙon manoma su daina sarewa ƙaf. Yunwar 1984 ta zo, aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka yi don dole, wasu suka sare bayan an daina bada abincin, amma waɗanda suka ga amfanin suka ci gaba maƙwabta suka kwaikwaya. Su a can sassaben zamani suke ce masa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya. Wani abu da ya taimaka shi ne da itace ya zama na mai gona, don a da dokar daji ta sa manomi na ganin itacen gwamnati ne, in ya girma ya sari reshe a ci shi tara, toh gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. A 2020 gwamnatinsu ta fidda doka ta musamman akan wannan aiki da haƙƙin mai gona.

Yadda zaka yi ba wuya. Yanzu da kake sassabe, zaga ɓangaren gonar mai ɗan rai ka nemi sabara, kalgo, magarya, aduwa, gawo, duk inda suka yi cunkus. A kowane kututture zaɓi toho 3 zuwa 5 da suka fi ƙarfi da miƙewa, sare sauran, sannan ka cire rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon kowane toho. Wuƙar ko addar ta yi kaifi kuma daga ƙasa zuwa sama ake sara don kar ɓawon ya tsage. Ɗaura tsumma a jiki kowa ya san na wani ne. Bayan wasu watanni ka dawo ka sake gyarawa, abun da ka sare kuma itacen girki ne uwargida ta huta. Gawo kam duk inda ka gan shi lallaɓa shi, shi ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar maka taki, ai kai ma ka san yadda geron gindin gawo yake fita.

Matsalar da zaka fuskanta ba ta fari bace, ta masu gatari ce da dare. Mutum ɗaya baya iya tsare gona, shi yasa a garuruwa irin Ɗan Saga wajen Agye suka kafa kwamiti harda mata da makiyaya a ciki. Ka samu maƙwabtan gonarka ku je wajen mai gari tare, a kira ardo ma a zauna.

Shi kuma fakon, tassa zaka yi masa, kuma yanzu ne lokacinta tun ƙasa na bushe. Rami ne faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tsakaninsu wajen taku ɗaya, layi na biyu ya faɗa a tsakanin ramukan layin farko. Ƙasar da ka haƙo tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa, zuba taki tafi ɗaya ko biyu a ciki. Iska zata tara ganye da ciyayi a ramin, gara zata zo cin takin ta huda fakon da hanyoyinta, nan wajen gara abokiyar aiki ce, ruwa na sauka ya nutse maimakon ya gudu, sai ka shuka gero ko dawa a ciki. Manoman Illela a jihar Tawa a ƙarshen shekarun 1980 suka je Yatenga ta Burkina Faso suka gano dabarar, ƙasar su Yacouba Sawadogo wanda ya shahara da ita, shi da Rinaudo duk sun samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, Sawadogo ya rasu a Disamba 2023. Bazan ɓoye maka ba aiki ne mai karya baya, in tazarar mita 1 ce rami 10,000 kenan a hekta, don haka kar ka ce zaka gama bana, yanki wani ɓangare ka kira gayya. A jigawa mai yashi bata yi, ramin rufewa yake.

Kwarin kuma daga sama ake kashe shi ba daga bakinsa ba. Jera duwatsu a gicciye inda ruwan ke taruwa tun kafin ya yi ƙarfi, ka dasa gamba ko jema a bayansu da damina. In ya riga ya fi ƙarfin mutum ɗaya ku rubuta takarda da sunan ƙungiya ku kai ofishin ACReSAL na jiharku, shiri ne na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya a jihohin Arewa 19 da Abuja kuma gyaran ƙasa ne aikinsa, amma ku kai takardar ku dawo ku ci gaba da haƙa.

TAMBAYA: Salam Malam, ni 'yar zangon Kumasi ce ina aure a Bronx. Sanyi na wucewa sai kaga sanarwar azuzuwan lambu ko'ina, a laburare da wajen shaƙatawa. Inaso in shuka kuɓewa da yakuwa da alayyahu, waɗannan azuzuwan zasu amfane ni kuwa ko na Turawa ne da furanninsu?
Daga wata uwargida, New York, Amurka

AMSA: Hajiya shiga, zasu amfane ki sosai, kuma da yawansu kyauta ne. Su can Afrilu da Mayu ne farkon shuka, shi yasa suke cika Maris da laccoci. A unguwarku akwai babban lambun tsirrai na New York da shirinsa na Bronx Green-Up mai koyar da mazauna unguwa, akwai kuma GreenThumb na hukumar birni da ke kula da lambunan unguwa sama da 500, ta nan ake samun ɗan fili. Zaki ji ana maganar Master Gardener, 'yan sa kai ne da jami'o'i ke horarwa tun 1973 da aka fara a jihar Washington, su kuma su biya da amsa tambayoyin jama'a, kar ki ji kunyar tambayarsu. Juma'ar ƙarshe ta Afrilu ranar dashen itace ce a ƙasar, al'adar da ta faro daga Nebraska a 1872. Laccocin kare ƙasa kuwa yawanci na masu manyan filaye ne da ke yarjejeniyar ba za'a taɓa yin gini a filinsu ba, wannan ba dole ki je ba.

Abu biyu ki riƙe. Kayan miyarmu zafi suke so, kar kiga maƙwabta na shuka latas a Afrilu ki bi su, kuɓewa da yakuwa sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni da ƙasa ta ɗumama, yakuwa ma ganyen zaki ci, zoɓon da wuya ya nuna kafin sanyi ya dawo. Na biyu ki sa a gwada ƙasar kafin ki shuka abun ci, tsofaffin unguwanni na da gubar dalma daga tsohon fenti da hayaƙin mota, gubar nan ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. In ana shakka a shuka a akwatin katako da sabuwar ƙasa. Iri kuma ki saya a can, kar ki saƙa na gida a jaka, jami'an filin jirgi basa wasa da wannan.

TAMBAYA: Malam gidan haya nake tsakar gidan duk siminti, me zan iya shukawa?
Daga wata amarya, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Allah ya bada zaman lafiya amarya. Buhun siminti ko na shinkafa da tsohon bokiti sun isa, huda ƙasansu, cika da haɗin da na faɗawa ɗan Rijiyar Zaki. Alayyahu sati 4 kin fara tsinka, ga na'a-na'a, attaruhu, lansir. Zogale ma yana yi a babban buhu in kina datse kansa. A wannan zafin ajiye su inda rana ke bugawa da safe kawai, ruwa safe da yamma, kuma ruwan omo ba nasu bane.

TAMBAYA: Na sayi mangwaro ance mai aure ne, ya zan gane ba'a cuce ni ba?
Daga wani ɗan kasuwa, Damagaram

AMSA: Alhaji duba jikin itacen sama kaɗan da ƙasar ledar, zaka ga tabon inda aka haɗa, ɗan kumburi ko ɗan karkata, wani lokaci ma ledar ɗaurin na nan. In sumul yake daga ƙasa har sama na ƙwallo ne, maida masa. In mai auren ne, wajen dasawa kar ka binne tabon, kuma duk tohon da ya fito a ƙasan tabon cire shi da hannu tun yana ƙarami, in ka bar shi zai rinjayi na saman ka koma cin ɗan ƙwallo. Furen shekarar farko da ta biyu ma ka tsinke shi itacen ya yi jiki tukuna.